Bazazzagi Zai Yi Mana Bene a Jajaye

Gaisuwar ubangida zuwa ga bawansa. Ina fata ka tashi lafiya, kai da ƙamus ɗinka da tabaranka da sauran kayan aikin gardama.

Labari ya iske ni, kuma ba daga baki ɗaya ba, cewa an gan ka a Jajaye wata Juma'a bayan an sauko, sanye da babbar riga mai aska takwas, ka naɗe hannunta a kafaɗa, kana riƙe da bakin igiyar awo, dillali na riƙe da ɗaya bakin, yara sun kewaye ku. Wai gonar bakin hanya kake aunawa. Wai bene za ka tayar, fulat huɗu, kowanne ciki biyu da falo, tayil har banɗaki, ka zuba 'yan haya. Da aka tambaye ka dalili, sai ka gyara zaman tabarau ka ce kana "faɗaɗa jari". Tun ranar dattawan garin ba su da abin hira a dakali sai kai. Wani daga cikinsu cewa ya yi a ƙyale ka, dama an daɗe ana neman inda awaki za su riƙa fakewa da damina.

Ni kuwa ba zan ƙyale ka ba, domin dukiyar bawa ta ubangidansa ce, in ka yi asara ni na yi. Kada ka soma kawo min tarihin Sarauniya Amina, mu ma muna da Kanajeji, kuma ba shari'ar da ta tara mu yau ke nan ba. Zauna ka ɗauki karatu. Na san abin da ciwo, a ce Bazazzagi ne gaban allo, Bakano riƙe da bulala. To, ya za a yi? Ku aka bar wa nahawu, mu aka bar wa lissafi.

Mu fara da abin da ya ruɗe ka. Gidan nan naka na Hayin Dogo, ɗaki-ɗaki, wanda ka gina da kuɗin rake da adashi tun kana aiki, ban taɓa jin ɗakinsa ya daɗe a kulle ba. Kafin wani ya kwashe katifarsa, wani ya ajiye kafin alƙalami. Sai ka ɗauka basirarka ce. Malam, tun 1962 da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello aka tanadar maka ɗan haya a Samaru, kafin ka san damanka da hagunka. Kowace shekara ana kwaso dubban yara daga ko'ina a ƙasar nan, ɗakunan kwanan makaranta ba sa isarsu, dole su tsallaka titi su nemi inda za su sa haƙarƙarinsu. Ko rumfa ka kafa a wurin sai ta sami mai biya. Haka abin yake a wurinmu a Danbare da Rimin Gata da Rijiyar Zaki, kewayen sabuwar Jami'ar Bayero a kan hanyar Gwarzo. Bulo ba ya biyan haya, mutum ne ke biya. Duk wanda zai ƙara gida a kan gida, mutumin zai fara nema, ya gan shi da idonsa, ya san sana'arsa da ranar da kuɗi ke shiga hannunsa, sannan ya tambayi farashin fili.

To, a Jajaye wa zai biya ka? Zo mu ƙirga su tare. Saurayin garin in zai yi aure, ubansa ne zai yanka masa gefe a cikin gida, 'yan'uwa su taru a buga bulo, a ɗora kwano, a kai amarya. A ce ɗan gari ya bar gidan ubansa ya kama haya a garinsu, ai sai an tara dangi an tambaye shi laifin da aka yi masa. Baƙo kuma in ya sauka, wurin mai unguwa ake kai shi, a share masa ɗakin zaure, a riƙa miƙo masa tuwo, wanda ya karɓi kuɗinsa kuwa ya ja wa gidansu abin faɗa. Saura wa? Malamin firamare da aka turo, wanda ke zuwa kan babur daga Rogo ya koma da an tashi. Ma'aikacin ɗakin shan magani, shi ma haka. Ɗan bautar ƙasa ɗaya ko biyu, waɗanda makaranta ko gari ke ba masauki. Sai masu sayen hatsi da ke zuwa da kaka su kwana a kan buhunansu. Cikin waɗannan nuna min wanda zai hau bene, ya dunƙule kuɗin shekara ya ba ka, ya kuma sayi man janareton da zai tura ruwa tankin sama.

Ni dai na san abin da ke ranka, don ni na raka ka neman auren. Tun da muka yi maka alfarma muka ba ka 'yarmu a garin nan, kake jiran ranar da surukai za su daina ce maka "Malamin nan na Zariya" su koma "Alhaji mai bene". Burin ba laifi, amma sunansa ado, kada ka rubuta shi a shafin jari. Ga kuma inda gizo ke saƙa: ranar da aka gama fenti, ƙanin matarka zai zo ya ce a ba shi makullin ƙasa ya ɗan zauna kafin ya ƙarasa nasa ginin. Kawunta zai zuba masara a ɗaya falon. Wata gwaggo za ta ce jikanta zai yi aure, a ara masa na sama zuwa bayan salla, ba za ta kuma faɗi wace sallar ba. Gaya min da wane bakin za ka aika wa surukinka notis, kai da ko sunansa ba ka iya faɗa, ko loma ba ka iya kaiwa baki a gabansa. Kafin ka sayi gida a ko'ina, tambayi kanka: in ɗan hayan ya ƙi biya, ina da idon da zan dube shi in ce ya tashi? In babu, to sadaka ka gina, gara ka ƙulla niyya tun yanzu ka tsira da lada.

Da wannan ne karon farko, da na ce tsautsayi ne. Amma tuna 2019. A watan Mayun shekarar Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa hannu a dokar da ta kafa masarautun Bichi da Rano da Gaya da Karaye, aka sa ƙananan hukumomi da dama ƙarƙashin Karaye. Ba a gama buga tambari ba sai ga ka a gari, ka sayi fulotai uku a bayan gari, ko tayi ba ka yi ba, dillali na faɗin kuɗi ka ce ka saya, har shi kansa ya ji tsoro ya sake tambayarka ko ka ji daidai. Wai Karaye za ta zama birni, hakimai za su yi gidaje, ma'aikata za su cika gari. An yi ayyuka, ba a musu, an taɓa tituna da asibiti. Sai dai hakimi ba ya haya, 'yan rakiyarsa kuma da an tashi daga fada suke komawa garuruwansu. Ranar 23 ga Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta rushe masarautun, a watan Yuli aka dawo da Karaye mai daraja ta biyu, da ƙananan hukumomi biyu, Karaye da Rogo. Masarauta na nan da martabarta, Allah ya ja zamanin Sarki. Fulotanka ma suna nan, wani bawan Allah na shuka kuɓewa a ciki, ko ta miya ɗaya bai taɓa aiko maka ba. Abin da alƙalamin wani gwamna ya bayar, alƙalamin wani na iya karɓewa. Mai sayen wuri don ya ji sanarwa a rediyo, ya dakata tukuna ya ga mutane sun tare da tabarminsu.

Sai hujjarka ta biyu, sansanin masu yi wa ƙasa hidima da ke Kusalla. Ka ga motoci na sauke matasa da akwatuna, ka ce ga 'yan haya Allah ya kawo har gida. Mako uku suke yi, a cikin shinge, soja na tsaronsu, gwamnati na ba su gado da abinci. Ranar da aka sallame su, kafin la'asar an watsa su cikin ƙananan hukumomi 44, kuma addu'ar yawancinsu a tura su cikin birni. Wanda ya ci kuɗinsu shi ne mai soya Indomie da ƙwai, da mai ɗaukar hoto, da telan da ke rage musu kaki a kasuwar sansani. Ko da aka ɗaga alawus ɗinsu daga naira 33,000 zuwa 77,000 a 2025, ba a Kusalla suke kashe shi ba. In kuma kana ganin matsalar ƙauye ce kawai, shiga Kano ka dubi rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, da aka gina tsakanin 2011 da 2015. Gidaje na gani na faɗa, amma da yawansu sun yi shekaru a kulle: mai kuɗin sayensu yana da inda yake kwana, mai neman haya kuma ya fi son kusa da kasuwarsa.

Yanzu ɗauko takarda, tunda kun fi yarda da abin da aka rubuta. Misali zan ba ka, ka cire adadina ka sa naka. A ce benen ya ci naira miliyan 60 daga tushe zuwa fenti. A ce ka taki sa'a duka fulat huɗun sun sami mutane, kowanne na biyan 200,000 a shekara. Ka tashi da 800,000 ke nan. Raba miliyan 60 da 800,000: shekara 75 kafin kuɗinka ya dawo, ba a cire gyaran kwano ba, ba a cire kwasar masai ba, ba a cire watannin da ɗaki zai zauna babu kowa ba. Kai da ka riga ka fara rina gemu! Yanzu a ce miliyan 6 ka sa ka jera shaguna shida a bakin tasha, kowanne 100,000 a shekara: shekara 10. Duk ilimin harkar a wannan rabawar yake, kuɗin da ka zuba, a raba shi da hayar shekara bayan an cire ɗawainiya. In amsar ta zarce sauran shekarun da kake fatan yi a duniya, ce wa dillali Allah ya kawo kasuwa, ka kaɗe rigarka.

Na san amsarka, don na sha jin ta: ƙasa ba ta ruɓewa, naira kuwa kullum zagwanyewa take. A nan ka yi gaskiya, kuma ka rubuta ranar, don ba kullum Bazazzagi ke samun wannan shaida daga bakina ba. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, kaya suka yi ta hawa, har hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Buhun simintin da bai kai 5,000 ba a farkon 2023 ya haura 10,000 a Fabrairun 2024, sai da gwamnati ta zauna da Dangote da BUA da Lafarge aka ce a sayar tsakanin 7,000 da 8,000. Wanda ya ɓoye kuɗi a ƙarƙashin katifa ya ji a jikinsa. Amma lura da abu biyu. Na farko, riba biyu ce a harkar nan, kowace da hanyarta: akwai tashin darajar ƙasa, akwai haya. Ƙasar ce ke tashi. Ginin da ke kanta tsufa yake yi, kwano na tsatsa, gara na cin katako. In tashin daraja kake so, sayi gona ka bar ta gona, ka ba da ita haya a noma, ba ta neman fenti. In da hali ma ka nemi ta kusa da ruwa, domin tun da aka kammala madatsar Challawa a 1992 ƙasar da ke iya noman rani a yankin nan ba ta rasa mai nema. Na biyu, siminti da rodi dala suke bi, haya kuwa albashin ɗan haya take bi, shi kuma albashi sai an yi yajin aiki da zaman sulhu kafin ya motsa. Shi ya sa a irin wannan zamani sayen ginannen gida a hannun mai buƙata yakan fi tayar da sabo sauƙi.

To me za ka saya? Daina kallon abin da babu a gari, kalli abin da ake rububi a kansa. Je ka zauna a teburin mai shayi a tashar Rogo ko ta Karaye, ka yi shiru, in har Bazazzagi na iya yin shiru. Za ka ji mai kemis na cigiyar shago mai silin don kada zafi ya lalata masa magani. Mai POS na neman ƙofar ƙarfe kusa da inda ake sauke kaya. Mai cajin waya na neman rufin da zai ɗora sola. Mai taki da maganin feshi na neman wuri daga bazara zuwa tsakiyar damina. Uwa-uba kuma sito. Ƙasarmu ta masara ce da dawa da shinkafa da waken soya, daga Zarewa har Gwangwan, kuma da kaka 'yan kasuwa na saye su tara kafin su ɗora a mota zuwa kasuwar Dawanau. Ɗaki mai daɓen siminti, rufin da ba ya yoyo, ƙofar da ɓera ba ya ratsawa, fili a gaba da babbar mota za ta juya: wannan shi ne fulat ɗin Rogo. Dubi abin da ya faru bayan gwamnatin tarayya ta ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150 a 2024. Farashin hatsi ya faɗo a 2025, waɗanda suka tara kaya suka tafka asara, amma mai ɗakin ya riga ya karɓi hayarsa tun ranar da aka jera buhun farko. Ga shi buhu ba ya toshe masai, ba ya faɗa da maƙwabta, ba ya kawo baƙi daga ƙauye su yi wata uku.

In kuma lallai sai gidan kwana, to ɗaki-ɗaki ko ciki da falo, a cikin garin Karaye ko Rogo, tafiyar ƙafa daga asibiti ko sakatariya ko ofishin 'yan sanda ko sakandare, inda ake turo ma'aikata daga nesa. Rijiya a tsakar gida ta fi tayil jawo ɗan haya. Banɗaki biyu, na maza da na mata, ya fi fenti mai sheƙi. Kuma ya zama wurin da kake iya zuwa ka koma a yini, domin zuwa da kai ya fi aike, gidan da mai shi ba ya leƙawa kuwa 'yan haya ne ke gadonsa tun yana raye.

Kada kuma ka duba gida da rani, lokacin kowane gida lafiyayye ne. Je ka a watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi, ba tare da ka sanar da dillali ba. Tsuguna ka dubi gindin katanga: in layin danshi ya hau kamu ɗaya ko biyu, filasta ta kumbura tana zubowa in ka ƙwanƙwasa da makulli, ruwa na kwana a wurin. Ɗaga kai ka dubi silin: shatin ruwa shaidar yoyo ce, sabon fenti a kusurwa ɗaya tak kuma shaidar an ɓoye shi. Sheƙa bokiti a tsakar gida ka ga inda ruwan ya nufa, in ɗaki ya nufa kai ma nufi ƙofa. Leƙa rijiya, ka auna taku nawa ne tsakaninta da masai. Sannan ka tsallaka ka gaida tsohuwar da ke maƙwabtaka, ka sayi daddawarta. A cikin hira za ta gaya maka wanda ya rasu ya bar gidan, da 'ya'yansa nawa, da wanda bai yarda a sayar ba. Dillali la'adarsa yake nema, kuma ranar ciniki ake biyansa, ranar da katanga ta faɗi yana wani gari.

Ka duba da damina, amma kada ka yi garaje, gida ba ya gudu. Saye yana da kalandarsa. Da kaka kowa attajiri ne: an sayar da masara, aljihu ya yi nauyi, masu saye sun fi masu sayarwa yawa, fili na tsada. Kai kuma lokacin ka zaɓa ka fito da igiya. Bari bazara ta kama, ana neman kuɗin taki da iri da na 'yan ƙwadago, ko lokacin da hukumar alhazai ta sa wa'adin cika kuɗin kujera, ko sa'ad da bukukuwa suka jeru ana neman kayan ɗaki. A nan mai fili ne zai yi sallama a zaurenka da kansa. Ban ce ka danne mabuƙaci ba. Biya shi abin da jama'a za su ce an yi adalci, domin a ƙauye 'ya'yan mai wuri ba sa manta wanda ya saye gonar ubansu da wulaƙanci. Sai dai tsakanin adalci da wauta akwai tazara, kai kuma a tsallaken can ka saba zama. Rigar nan ma ka bar ta a gida. Dillali na ganin aska takwas, ya ji lafazin Zariya, zai ƙara sulusi.

Wannan kalandar kasuwa ce. Akwai ta aljihunka, ita ce ma babba. Ba a sayen gida na biyu sai na farko ya tsaya da ƙafarsa, ya biya gyaransa, ya tara rarar da za ta riƙe shi ko da zai yi wata shida a kulle. Ka manta 2022? Malaman jami'a suka tafi yajin aiki daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur, Samaru ta yi tsit. Kafin nan ga 2020, korona a gefe, yajin aikin wata tara a gefe. Lokacin ne ka zo nan ka ce zumunci ka kawo, ka koma da masara a but har mota na jan ciki. Duk abincinka a hannun ɗalibai yake, don haka na biyun ya kamata ya zama wanda yajin aiki ba ya taɓawa. Ita ce hujja ɗaya tak mai kyau ta zuwanka yankinmu, kuma ba ita ka kawo ba.

Na kuma ji raɗe-raɗin za ka sayar da na Hayin Dogo, ko ka ci bashin banki, ka cika kuɗin benen. Na farkon, ka sayar da doki ke nan don ka sayi sirdi. Na biyun kuwa, bar ma zancen haramcin riba, wanda ka fi ni sanin babinsa. A ƙarshen 2024 Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwanci kuma sama da haka suke ba da bashi. Benen da lissafinmu ya nuna bai kawo ko kashi 2 ba, ta ina zai biya? Ko bankunan da ba sa cin ruwa, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012, ba sadaka suke rabawa ba: za su saya su sayar maka da ribarsu, ko su ba ka haya har ka mallaka, kuma duk wata sai ka biya, da ɗan haya ko babu. Garatutinka ma ba duka ake zubawa a gini ba. Bulo ba ya sayuwa a daren da aka kwantar da mutum a asibitin Shika.

Saura takarda, inda na sa ran za ka yi fice, sai ga shi nan ma ka ba ni kunya. Gonar da ka auna ta gado ce, ba a kuma raba ba. Wanda ya kai ka ɗaya ne daga cikin magada, sauran suna Legas da Fatakwal da ɗakunan mazajensu. Kasonsu ba shi da ikon sayarwa. Nasa kason kuma, kai da ka haddace Risala ka san hukuncin shuf'a a mazhabarmu ta Malikiyya: in abokin tarayya ya sayar da rabonsa a abin da ba a raba ba, sauran na da haƙƙin su mayar maka da kuɗinka su karɓe. Wanda ke gari yana da shekara guda, wanda ba ya nan kuwa haƙƙinsa na jiransa komai daɗewa. Kuɗin da za a mayar maka shi ne wanda ka biya, ko da naira ta koma rabinta. Saboda haka a raba gado gaban alƙali tukuna, kowane magaji, mace da namiji, ya sa hannu, mai unguwa da dagaci su shaida, maƙwabtan gona su tsaya a kan iyaka a kafa alama. Sannan ka bi ta ƙaramar hukuma, domin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ita ta ba ikon bayar da shaidar mallaka ta gargajiya a karkara, ta birni kuma tana hannun gwamna. In a cikin Kano ne, awon igiya ba ya tsayar da katafila, je ka ofishin filaye na KANGIS da hukumar tsara birni ta KNUPDA ka tabbatar. Ka dai ga abin da ya faru a Yunin 2023, da aka rushe gine-ginen Otal ɗin Daula da shagunan Filin Idi da na Filin Sukuwa, alhali masu su na cewa gwamnatin da ta gabata ce ta ba su. Kada ka yi mana dariya, don taku hukumar tsara birnin, KASUPDA, ma ta yi muku aski a Zariya zamanin El-Rufa'i. Filin makaranta, na asibiti, na idi, na maƙabarta, da bakin hanyar da za a faɗaɗa, ko da hatimin wa aka kawo maka, bar shi.

Ga hukuncina, kuma ba a ɗaukaka ƙara. Benen Jajaye an soke shi. Agustan nan ka zo ka duba wurin shaguna da sito a bakin kasuwar Rogo. Da kaka, lokacin da aljihu ke da nauyi, ka sayar da biyu daga fulotan Karaye, ka riƙe ɗaya don tarihi. Ka ƙulle kuɗin zuwa bazara, kada kuma ka sa tushe sai aƙalla mutum biyu sun ce in ka gina za su shiga, sun ajiye kafin alƙalami. Ka shekara biyu kana tara hayar ba ka taɓa ta, in ta kai nisabi ka fitar da zakka, sannan mu zauna mu yi maganar na gaba. Karɓar hayar kuma ka wakilta wanda ba surukinka ba. Ni zan iya, la'adata kashi goma, kuma ba na ba da rasit ga bayi.

In surukai kake son burgewa, haƙa musu rijiyar burtsatse a ƙofar masallaci. Kuɗinta bai kai na dakin ɗin bene ba, za a riƙa sa maka albarka safe da yamma, kai ma da ka tashi a hannun 'yan ga-ruwan Zariya sai ka zo ka ga yadda ruwa ke fitowa daga famfo, ka ba da labari in ka koma gida.

In watan Cika-ciki ya kama, kada ka bari in aika. Kuɗin shara na bana ninki biyu ne, ɗaya na al'ada, ɗaya na wannan karatu da ko a jami'arku ta Kongo sai ka shekara huɗu ba ka same shi ba. Ka haɗo da mazarƙwailar Makarfi mai kyau, ba wadda ta kwana biyu a rana ba. In ka ga dama ka ba ni amsa a wannan fili. Na san za ta ci shafi uku, da Larabci da Turanci da gyaran rubutuna, kuma na san a layin ƙarshe za ka tambaye ni ko na san wani dillali mai tsoron Allah a Rogo.

Naka,
Ubangidanka na Jajaye.